Kankanar da na ƙi tugewa

Shekara huɗu a jere ina shuka kankana a wuri ɗaya, fadamar da na gada a bayan Fassi. A ta huɗun ne ganyen kunya biyu ya fara yaushi da rana tsaka, kamar an watsa masa ruwan zafi, da yamma ya ɗan farfaɗo. Na ƙara ruwa. Na sayo maganin ƙwari a Kibiya na fesa har sau biyu. Ko gezau.

Maƙwabcin gonata wani Alhaji ne, tare muka taso, shi dai Allah ya ɗaga shi. Tasa kankanar kore shar. Wata safiya ya tsallako, ya tsuguna, ya tuge min gindi ɗaya ba tambaya, ya tsaga karan da wuƙa.

"Malam, dubi nan. Ka ga cikin ya yi ja kamar an tauna goro? Ba ƙwari ba ne, fumfuna ce a cikin ƙasa. Tuge duk wanda ya kamu ka ƙone, kar ka bari ruwan kunyoyin nan ya bi sauran. Baɗi ka sa albasa, ƙasar ta huta."

Na ce, "Alhaji, yaushe aka naɗa ka malamin gona?"

"Ranar da fumfunar nan ta cinye min gona a Kahu."

"To taka me ya hana ka tugewa?"

Ya yi dariya. "Tawa lafiyarta lau, ɗan'uwa."

Dariyar nan ce ta tsaya min a wuya. Sati uku ya rage motocin Kano su shigo. In na fara tuge gonata, wa dillalai za su nufa? Kuma mutumin da ya san ciwo tun kafin ya tsaga kara, ai ya san inda ciwon ya fito. Sai na tuna na taɓa ganinsa yana wanke fartanya a magudanar da ke kawo min ruwa. Ya ma taɓa tambayata ko zan ba da fadamar aro.

Ban tuge ko ɗaya ba. Rurum Tsohon Gari na tafi, wani malami ya yi min rubutun tsari daga baki da hassada. Na zuba a magudana, na fara sakar wa kunyoyin da suka kamu ruwa, tunda su suka fi buƙata, daga nan ruwan ya gangara sauran gonar, kunya-kunya. Kwana uku ina yin haka.

Kafin sati biyu gona ta kwanta. 'Ya'yan ba su wuce girman ƙoƙo ba, na bar wa Fulani shanunsu suka cinye. Motoci suka zo suka loda ta Alhaji ina tsaye ina kallo.

Mutane na cewa gaskiya ya faɗa min, ni na raba wa gonata ciwon da hannuna. Wataƙila. Ni dai na datse 'yar hanyar da ke tsakaninmu da ƙaya. In zai gaishe ni, ya ɗaga murya daga can.