Fatar Da Yaya Sale Ya Ƙi

Shekara ashirin ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Daura. Ni ne Habu, ƙaninsa. Mahauci ne ni, kamar shi, kamar ubanmu. Ban yi boko ba. 'Yata Rabi ke rubutawa, ni ina faɗa.

Wuta ɗaya ta ci mu. Muna da tukubar tsire a bakin tasha, hanyar Zango, kusa da wani mai sayar da fetur a jarka. Wata ranar kasuwa jarka ta fashe, man ya gangaro har ƙarƙashin tukuba, wuta ta tashi. Ni ta kama mini hannun dama da kafaɗa. Shi ta ci masa ƙirji da baya, don ya koma ya jawo ni.

Aka kwantar da mu a asibiti, gadona kusa da nasa. Likita ya zo da wani abu a leda, shara-shara kamar tantanin da muke yayewa a cikin dabba. Ya ce da fatar saniya aka yi shi a ƙasar waje. In an shimfiɗa a kan ƙuna yana tsare ruwan jiki, yana kare ciwo daga ruɓewa, har sabuwar fata ta fito.

Yaya ya ce, "Likita, wa ya yanka saniyar?"

Likita ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskarsa sai ya ce, "Gaskiya, Malam Sale, ban sani ba."

"To ɗauke. Ba na ɗora mushe a jikina."

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kuma Yaya ne mahauta suka zaɓa ya riƙa duba yanka a mayanka. Ya taɓa sa an binne saniya sukutum, don ta mutu kafin wuƙa ta iso wuyanta. Mai ita ya yi kuka, ya yi zagi. Yaya bai ko dube shi ba.

Limamin unguwarmu ya zo har asibiti. Ya ce, "Sale, wannan larura ce. Addini bai hana ka ba."

Yaya ya ce, "Na ji, Malam. Amma ni na hana mutane abin da ban ga yankansa ba. Yau don abin ya zo kaina sai in lulluɓa da shi in yi salla?" Sannan ya juyo wajena. "Habu, ka ji abin da Malam ya ce. Miƙa hannunka."

Na miƙa.

Ciwona ya fara bushewa. Nasa ana wankewa, ana shafa zuma, ana naɗewa. Mahauci ya san warin nama idan ya fara juyawa. Na ji shi daga gadona tun kafin likita ya faɗa. Shi ma ya ji. Bai cika wata ba ya rasu. Likita ya ce ko da ya karɓa ba tabbas, don ƙunarsa ta fi tawa. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba ko lallashina yake.

Bana wani maƙwabcina mai ciwon sukari ya yi fama da gyambo a ƙafa, har ana maganar yanke ta. Aka kai shi birni. Ya ce sun ɗebi jininsa, sun juya a inji, sun tace wani sashe sun zuba a ciwon, suka rufe da tantanin da aka yi da cikin tunkiya. Ga shi nan yana tafiya masallaci da ƙafarsa. Irin tantanin nan kullum muke watsa wa karnuka a bayan mayanka.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Jinin dai nasa ne, ba zai yi gardama a kansa ba. Tunkiyar kuwa na san abin da zai tambaya. Da a nan aka yanka ta, a gabansa, da sunan Allah, da ya karɓa. Abin da ya raba shi da magani ke nan. Wuƙa ɗaya da bai gani ba.

Na yi fushi da shi shekaru. Ya bar 'ya'ya huɗu, ni na riƙe su. Har yau ban ce ya yi daidai ba. Liman ya fi shi ilimi, kuma Liman ya ce halal ne.

Amma har yanzu a kasuwa in mace ta aiko sayen nama, cewa take a je teburin gidan Sale. Ba a tambayarmu wa ya yanka. Da wannan sunan na ciyar da 'ya'yansa da nawa. Naman kuma da hannun dama nake yanka shi, wanda aka shimfiɗa wa fatar da ya ƙi.

Allah Ya ji ƙanka, Yaya.