Na Cika Baki, Gida Ya Cika Da Baƙi

Zan iya manta ranar da aka ɗauke ni aiki, zan iya manta ranar da na fara tuƙa mota, amma ba na jin akwai abin da zai goge mini wata Asabar da bakina ya jawo mini baƙi ashirin da uku a yini ɗaya. Yanzu furfura ta cika mini gemu, duk da haka in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, wani lokacin har da ƙwalla.

Shekarar ce da 'yan bindiga suka ci garuruwan arewacin jiharmu, mutane suka yi ta kwararowa Yola da Jimeta, wasu a bayan tirela, wasu da ƙafa. Ni a lokacin ma'aikaci ne a sakatariya, ina haya a unguwar Ajiya da matata da 'ya'yanmu. Muna da majalisa a ƙofar shagon wani tela, kuma ni ne mai bakin majalisar. Kullum sai na zo da rediyona in zauna in fara rabon laifi. Manyan ƙasashe sun sayar da makamai sun koma gefe suna kallo, shugabanni sun yi barci, masu kuɗi ba su da imani. Daga yaƙi in tsallaka zuwa ɗumamar yanayi, daga can in faɗo kan tsadar masara. Babu matsalar duniya da ba ni da maganinta. Mutum ɗaya ne ban taɓa ɗora wa laifi ko aiki ba, shi ne ni.

Ga shi kuma na gina gida a unguwar Bekaji, ɗaki uku da falo. Shekara bakwai ina tara shi bulo-bulo. An sa tayil, fenti kawai ya rage mu tare. Na garƙame shi da kwaɗo, ko matata za ta shiga sai ta cire takalmi tun daga bakin get.

Ranar Asabar ɗin da hantsi ina tsakiyar jawabi. Na ɗaga yatsa na ce, "Wallahi da kowa zai buɗe ƙofarsa, babu wanda zai kwana a titi a garin nan." Daidai lokacin maƙwabciyarmu ta sauko daga keke napep da buhun garin masara. Malamar firamare ce, Kirista daga kudancin jiha, muna ce mata Madam. Kowa ya san mutum tara ta cusa a ɗakunanta biyu tun farkon gudun hijirar.

Ta ajiye buhun ta gaishe mu, sannan ta dube ni. "Oga, na ji maganarka tun daga kwana, kuma gaskiya ka faɗa. Gidanka na Bekaji, wa yake ciki?"

Tela ya dakatar da ɗinki. Duk majalisa ta zuba mini ido, har da masu murmushin mugunta. Yau in na duba, na san ba tausayi ne ya sa hannuna cikin aljihu ba, kunya ce da son a yaba. Na zaro makulli na miƙa mata kamar gwamna yana buɗe sabuwar gada. "Madam, ga shi. Duk wanda kika samu ki kawo." A raina iyali ɗaya nake hange, miji da mata da yara biyu masu natsuwa.

Kafin in isa gida tsoro ya kama ni. Kwanakin nan bam yana tashi a gari, in mutum ya ajiye jaka kusa da kai sai ka matsa. Wa ya san su waye za a kawo mini? Na faɗa wa matata abin da na yi, ina jiran faɗa. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi.

"Malam, yau dai ka yi magana an ji ka," in ji ta. Da na kawo zancen tsoro ta ce, "A kai su wurin mai unguwa ya gan su ɗaya-ɗaya, shi ke nan. Ɗauko tabarmin nan mu tafi."

Bayan azahar muna tsaye a ƙofar gidan Bekaji sai ga keke ya tsaya. Na gyara hula. Sai na biyu. Sai na uku. Da na shida ya karyo kwana, Madam na gaba kusa da direba tana ɗago mini hannu, sai mutane suka fara sauka. Tsofaffi, mata da goyo, 'yan mata, wani da akuya a rungume. Ina ƙirga kawuna ina ɓacewa ina sakewa.

"Madam, duka waɗannan?"

"Ka ce duk wanda na samu, Oga. Na ma bar wasu."

Yara suka kwasa da gudu cikin falo, suka gano tayil yana da santsi, suka fara sulu a kai suna ihu. Na buɗe baki zan ce a cire takalmi, sai idona ya sauka a ƙafafunsu. Babu takalmin. Ƙafafu ne kumburarru, duk sun tsage, wasu an ɗaure da tsumma. Na rufe bakina. Wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjina ya kwance, kuma abin mamaki ba kuka ne ya zo ba, dariya ce. Na ji kaina sakayau kamar an sauke mini buhun siminti daga ka.

Nan take na ciro waya na bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Tunda sun iya kallon mutum, yau za su iya aiki. Tela ya zo da yadi muka raba falo biyu. Wani ya kawo jarkokin ruwa, wani ya aro tukunyar biki. Muka ce mata su huta, mu maza za mu dafa shinkafa. Mu biyar a kan tukunya ɗaya, kowa da ra'ayinsa a kan ruwa, hayaƙi ya cika mana ido. Abin da ya fito ba shinkafa ba ne ba kuma tuwo ba, ƙasa ya ƙone sama bai nuna ba. Wata mata cikin baƙin ta leƙa tukunyar, ta kira 'yar'uwarta ta leƙa, sai suka fashe da dariya har suna riƙe juna. Madam ta raɗa mini cewa tun da ta haɗu da su ba ta ga haƙoransu ba sai yanzu. Suka ƙwace muciyar suka kore mu.

A cikinsu akwai wani tsoho da ya ware kansa tun zuwansu. Na same shi a bayan gida yana shafa bango da tafin hannu. Ashe magini ne.

"Gidanka yana da kyau," in ji shi, "amma wanda ya yi maka filasta bai ji tsoron Allah ba."

Na yi dariya na ce, "Baba, ina iyalinka?"

Ya ce a hanya wata babbar mota ta tsaya aka ce mata su fara hawa, ya ɗora matarsa da hannunsa, motar ta tafi ta bar shi. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Ba ta da waya, bai san ko ta iso ba.

"Yaya kamanninta?"

Da irin Hausar mutanen garinsu ya ce, "Gajere ne, yana da wushirya. In ka ji mace yana faɗa a kan ba a wanke tukunya da kyau ba, shi ne matana."

Ranar Litinin na nemi izini a ofis, na ba Baba riga da hulata, muka ɗauki shatar keke. Makarantu, harabar coci-coci, masallatai, tasha, duk inda aka ce an sauke mutane sai mun shiga. Muryar nan da na saba ɓarnatarwa a majalisa ta samu aikin yi. In tsaya a tsakiyar fili in ce, "Jama'a, muna neman wata tsohuwa gajera mai wushirya mai faɗa." Mutane su yi dariya, su nuna mana tsofaffi uku ko huɗu, Baba ya girgiza kai. Kwana biyu haka. Yana komawa gida ya zauna ya jingina da bango, abinci ma sai an matsa masa.

A rana ta uku muka shiga wata makaranta a cikin Yola. Ban ko fara shelar ba sai muka ji murya daga wajen murhu tana cewa wace ƙazama ce ta bar ƙanzo a tukunya. Baba ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Muka zagaya. Ga ta nan, 'yar ƙarama, da ludayi a hannu.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ajiye ludayin a hankali.

"Hular wa ka saka?"

"Na wannan bawan Allah ne."

"Bai yi maka kyau ba."

Sai ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe fuska da zane, shi ma ya durƙusa kusa da ita, kafaɗunsu suna rawa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, na rungume mai keke.

Dawowarmu Jimeta ba zan iya kwatanta ta ba. Mai keke yana ta danna hon ba dalili. Ni na leƙo da kai, duk wanda muka jera da shi sai na ce masa mun same ta, mutane suna kallona kamar na zare. A shingen sojoji aka tambaye mu daga ina, na ce, "Oga, matar Baba muka samo." Sojan ya leƙa ya ga tsofaffin riƙe da hannun juna, ya ce, "Mama, sannu da zuwa," ya ɗaga mana hannu. Da muka isa Bekaji guɗa ta tashi. Masu kabbara suna yi, masu waƙar coci suna yi, aka kifa jarka aka mai da ita ganga. Ni da ko a bikina ban taka rawa ba, ranar sai da matata ta ja rigata ta ce ya isa.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Wata biyar suka yi, an yi saɓani, an yi rashin lafiya, kuma akwai wadda labarin ɗanta ya iso mata ba yadda muke fata ba. Yaƙin bai tsaya don ni ba, mutum dubu nawa suka kwana a waje ban san su ba. Da hanya ta buɗe suka koma garuruwansu, kuma har yau akwai masu kirana ranar salla da ranar Kirsimeti.

Abin da na koya shi ne, lalacewar duniya ta fi ƙarfina, amma rabon da aka yanka mini a cikin gyaranta bai taɓa fin ƙarfina ba. Yana nan kusa, yawanci a cikin abin da na fi ƙyashin bayarwa. Na daɗe ina zaton ɗaukar wannan rabo nauyi ne da zai danne mutum. Ban san a nan daɗin rayuwa ya ɓuya ba sai da na ɗauka.