Mai Zana Rana

Akwai wani zama da muka yi a ofishinmu na Kaura Namoda wanda har in bar duniya ba zai fita raina ba.

A lokacin muna haɗa manhajar waya ta 'yan kasuwar hatsi. Ni ke gwada abin da masu rubuta manhajar suka gama, kuma ni ke tsare tsarin zaman waiwaye da muke yi duk bayan mako biyu. Ba na son a tsallake mataki. Da farko addu'a, sannan wasa, sannan abin da ya yi kyau, sannan abin da ya lalace, daga ƙarshe abin da za a gyara.

Wasan, shugabarmu ce ta kawo shi daga wani horo da ta je. Kowa zai zana yanayin sama a allo: rana in yana jin daɗin aiki, hadari in yana cikin damuwa. Ranar da ta yi wannan bayani mutum ɗaya ba ya nan, wani magidanci ɗan Kurya Madaro mai ƙarancin magana. Da ya dawo ya ga ana zane, sai ya ɗauki alli ya zana rana. Zama na gaba ma rana. Haka ya yi ta yi, alhali aikinsa kullum yana baya. Har shugaba ta gaya mini a keɓe cewa in aka tashi zaman da ke tafe za ta sallame shi, tunda zanensa na cewa lafiya lau yake amma ba ya aiki.

A wannan zama ya zana ƙatuwar rana, ta cinye rabin allo.

Shugaba ta ce, "Malam, kai dai ka ji daɗinka. Kullum rana, mu kuwa muna jiran aikinka."

Ya dube ta da mamaki. "Daɗi, Hajiya? Wa ka jin daɗin rana? Ai ita nika sha."

Wani abokin wasansa a cikinmu ya tuntsure da dariya ya ce, "To mu masu zana hadari, mi ka zata?"

"Na zaci Allah ya yi muku buɗi. Har murna nika taya ku a raina."

Nan dariya ta mutu. A ƙa'ida lokacin wasa ya ƙare, amma na kife agogona a kan tebur na ce, "Ɗan'uwa, gaya muna wagga rana."

Ya ce 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Mahaifiyarsa da iyalan ƙannensa duk suna gidansa, gero ya nuna a gona ba mai iya zuwa yanka. Ya ga yana ta zanawa ba wanda ya tambaya, shi kuma bai so ya ɓata wa masu murna rai ba.

Shugaba ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Ka gafarce mu, Malam." Muka wuce kai tsaye zuwa mataki na ƙarshe, kowa ya ɗauki wani abu daga cikin aikin magidancin. Zancen sallama bai ƙara tasowa ba. Wasan ma muka juya shi yadda manomi ya san sama: hadari alheri, rana wahala.

Da damina ta kewayo, na gan shi ya zana hadari, har da ɗigon ruwa. Ni da ba a san ni da fara'a ba, sai da na juya baya na share ido.

Tun daga nan na ƙara mataki ɗaya a tsarina. In mutum ya nuna alama, ba na fassara masa ita. Sai na tambaye shi me yake nufi, in tsaya in ji amsa.