Yaya Bukar da Tumakinsa Masu Ulu

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Bukar, amma har yau in na tuna shi, murna ce ke fara zuwar mini kafin hawaye.

A zamanin Turawa ne ya sayar da jakunan fataucinsa kaf, ya yi arewa, ya dawo Potiskum da wasu tumaki da gashi ya rufe su har ido. Mu balami da uda muka sani, masu gajeren gashi. Mahaifinmu ya daina yi masa magana, don da jakunan nan gidan ke ci.

Da bazara ta kama, Yaya ya wasa almakashi ya ce za a yi musu aski. Ranar har daga Mamudo mutane suka zo kallo! Ulu na zuba kamar auduga, mata na guɗa, tunkiya ta miƙe tsirara ta ruga, 'ya'yanta suka kasa gane ta.

Ya kai buhunan ulun kantin Turawa, akawu ya tura hannu ya zaro da sauri. Ƙarangiya ce fal. Ya ce ba sa so.

Yaya ya shigo ɗakina da ulun, a lokacin ina jego, ya ce, "Falmata, mazarinki zai iya wannan?"

Na ce, "Yaya, ajiye mu gani."

Muka tsince ƙarangiyar har yatsu suka yi jini, muka wanke, muka kaɗa. Wani masaƙi ɗan Fika ya saƙa barguna. Da sanyi ya shigo, direbobin manyan motocin Kano zuwa Maiduguri suka riƙa rububinsu. Mahaifinmu ya lulluɓa da ɗaya ya fita masallaci, yana cewa kowa ya taɓa ya ji.

Tumakin ba su daɗe ba. Zafi ya ci wasu, 'ya'yan sauran suka fito da gashi irin na namu.

Da zai ga bargunan roba da suka cika kasuwa yau, na san ba zai yi ƙorafi ba. Zai tsare mai shago ne da tambaya har ya ji yadda ake yin su.

Wannan halin ne ya bar mana. Bara jikarsa ta ce za ta yi kiwon kifi a tsakar gida. Na ce a kwashe tarkacen bayan ɗakina a ba ta wurin. Allah ya jiƙanka, Yaya.