Rabin Goro a Kan Tsohon Gari

Mun tashi da asuba daga Yelwa, ni da likita da direba, a wata farar mota mai lambar Sakkwato, ko da yake an riga an yanke mana jiharmu. Kada ku ɗauka ilimi ya sa aka tafi da ni. Wata uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, jahilcin ya yi nasara. Gunganci nake ji, yaren mutanenmu na bakin ruwa, likita ba ya ji, shi ke nan.

Likitan ƙwaƙwalwa ne. Ya gama karatu har furfura ta fara leƙo shi, amma ya koma ƙarin horo a hannun wani babban malaminsu. Abin da yake koyo shi ne, in mutum ya yi laifi ana shakkar ko yana cikin hayyacinsa, shi zai bincika ya rubuta wa alƙali. Wani masunci ne daga ƙasar Ngaski ya cinna wa jirgin wansa wuta da rana tsaka, ana tsare da shi. Ko kurkuku ko asibiti, takardar likita ce za ta karkata alƙali. Malamin ya ce wa likita kada ya sa hannu sai ya ga inda mutumin ya fito.

Damina ta cinye gefen hanya. Mun tsaya shan koko kusa da masu ɗora buhunan shinkafar Shanga, na tarar har ƙosai ya san an zama jiha, ya ƙanƙance ya ƙara tsada. Gaba kaɗan shanun Fulani suka tare mu. Muna jira likita ya karanta mini takardar 'yan sanda: an sha ganin mutumin yana magana da ruwa, yana jefa masa goro. Ya ja wa wurin layi da jan biro. Na gyaɗa kai kamar ƙadangare, na ce lallai wannan ya taɓu. In kana motar mutum, ga kokonsa a cikinka, gardama ba ta zo maka.

A bakin ruwa muka bar direba, muka shiga jirgin inji da mata masu kwandunan busasshen kifi, da wani mai akuya, da keke ɗaya. Da muka kai tsakiya mai jirgi ya kashe inji. A ƙarƙashinmu tsohon garinmu yake, wanda ruwa ya haɗiye da aka yi dam. Mai jirgi ya shafa Fatiha. Wata mai gicciye a wuya ta sunkuya tana motsa baki. Mai akuya ya barbaɗa garin gero. Ni kuwa na fasa goro na jefa rabi, na ce, "Inna, ga ni na wuce. Yara lafiya, gwiwar ce dai."

Ina ɗagowa na ga likita ya zuba mini ido, biro a hannu.

"Baba, da wa kake magana?"

"Da innata. Kabarinta na nan ƙasa. Kai in ka bi ta ƙofar gidanku wucewa kake yi?"

Ya dube ni, ya dubi sauran, ya buɗe takarda ya soke layinsa. Na ce a raina shi ke nan, tsohon banza, da rabin goro ka tura ɗan mutane kurkuku.

Ƙauyen masuncin irin gidajen sumuntin nan ne da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tasa, kowa ya manna bukkarsa a gefe. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa, na ci kamar ba ni ne mai damuwa ba. Wan ya ce lafiyar ƙanensa lau, mugunta ce kawai. Tsohuwar da ta haife su tana zaune a gefe.

Likita bai tambaya ko masuncin yana da taɓin hankali ba. Cewa ya yi in tambaye ta, me ɗanta ya saba yi da ya daina? Ta ce damina biyu ke nan yana wuce tsohon gari ba gaisuwa. Wai, a cewarsa, matattun da ke ƙasan ruwa sun tashi sun koma cikin jirgin wansa, suna zaginsa da sunansa. Ya daina cin abincin hannunta, ya daina barci. Sun ɗaure shi, sun yi masa hayaƙi, suka rufe maganar don yana da 'ya'ya mata, kada a ce abin a jini yake. Wan ya sunkuyar da kai bai musa ba. Likita ya tambayi giya da wiwi da zazzaɓi da faɗuwa, ya yi ta rubutu har na gaji da fassara.

A hanyar dawowa ya ce da ya kai takardarsa ta farko kotu, da duk ɗan bakin ruwa da ke zaune a wurin ya rushe ta da dariya, mara lafiya ya tafi kurkuku. Na tambaye shi yanzu fa. Ya ce shi shawara yake bayarwa, hukunci na alƙali ne. Muka shigo Yelwa ana kiran magariba.

Shekaranjiya na ji an kai mutumin asibiti, kuma wan nasa ne ya raka shi.

Abin da tafiyar ta koya mini, in za ka auna hankalin mutum, fara zama cikin mutanen garinsu ka ga yadda nasu yake. Mu duka muna magana da matattunmu. Na wannan bawan Allah ne kaɗai suka fara amsawa.