Zanen da Aka Yi wa Zakariyya'u Yana Gyangyaɗi

Zakariyya'u mutumin Funtuwa ne, amma a Tudun Wada muka san shi, layinmu ɗaya. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya samu aiki a masaƙa a Kakuri, ya auri Sadiya, suka haifi 'ya'ya. Da masaƙun suka rufe, wasu abokan aikinsa suka koma gida, wasu suka kama acaɓa. Shi kuwa ya koma Kudenda yana lodin buhuna a manyan motoci, har furfura ta cika masa gemu bai daina ba. Ko taba bai taɓa sha ba. In ladanin masallacinmu ya yi tafiya, shi ke kiran salla.

A Kudenda Miriam ta gan shi. Malamar zane ce, tana da ɗaki a Sabon Tasha inda take koya wa matasa zana mutum da gawayi. Ba daga hoto suke kwafa ba, sai mutum ya zauna a gabansu su dube shi su zana. Ta tsaya tana kallon yadda yake saɓa buhu, sannan ta gaishe shi, ta ce kafaɗunsa da damatsansa take so ɗalibanta su koyi zanawa. Ya yi dariya, ya ce tunda yake ba a taɓa neman sa don a kalle shi ba. Daga baya ya yarda, da sharaɗin zai zauna da singileti da wando mai rufe gwiwa.

Duk Asabar yana zuwa. A ɗora shi kan kujera, a ce kada ya motsa, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar gawayi a kan takarda. Yakan ce mana zama wuri ɗaya ya fi ɗaukar buhu wuya. Amma yana jin daɗin abin. Ya ce akwai yarinyar da ta fito da jijiyoyin hannunsa har sai da ya dubi hannun nasa ya sake duban takardar.

Wata Asabar ya je bayan ya sauke tirela tun da safe. Da aka ba shi hutu, ya jingina da bango, barci ya sace shi: kai ya langaɓe, baki a buɗe, hannaye a zube. Wani ɗalibi mai suna Tony ya zana shi a haka. Kuma gaskiya ya iya zane, wannan shi ne abin haushin. Duk wanda ya san Zakariyya'u, kallo ɗaya zai gane shi.

Bayan 'yan watanni sai ga zanen a kan wani ƙaton allon talla a bakin titin da ya nufi Kakuri. Wata ƙungiya ce ta buga, ta rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa wannan shi ne ƙarshen mai shan ƙwaya.

Sadiya ce ta fara ji, a gidan suna, mata na yi mata jaje da murya ƙasa-ƙasa. Direbobin Kudenda suka laƙaba masa Baba Ƙwaya. A masallaci ba wanda ya ce masa komai, sai dai da ladan ya yi tafiya, wani aka sa ya kira salla. Mutanen da suka yi shekaru suna sahu ɗaya da shi! Sun yarda da allo, sun ƙaryata idonsu.

Zakariyya'u ya tafi Sabon Tasha. Miriam ba ta san da zancen ba, ashe Tony ne ya ba ƙungiyar zanen. Ta kira Tony a gabansa, ta yi masa faɗa har muryarta ta dushe. Tony ya ce zanensa ne, hannunsa ya yi, kuma aikin alheri aka yi da shi, ana ceton matasa.

"Baba, ai babu sunanka a jiki," in ji shi.

Zakariyya'u ya ce, "In na bi titi, sunana mutane ke gani ko fuskata?"

Miriam ta raka shi ofishin ƙungiyar. Aka ajiye su a benci, aka ce oga ya tafi Abuja. Da suka koma, aka ce a yi haƙuri, in wa'adin tallan ya cika za a sauke. Wata ma'aikaciya har tana cewa ya kamata ya yi alfahari, fuskarsa na wa'azi.

Rannan bai koma gida ba sai da ya ari tsani wajen wani mai walda. Da rana tsaka ya hau allon, ya sa wuƙa ya yanke fuskarsa daga jikin ledar da aka buga zanen a kai, ya naɗe ta ya sauko. Jama'a suka taru, kowa ya ɗaga waya. Kafin magariba bidiyon ya zaga gari, an rubuta cewa tsohon nan ya sake buguwa ya hau allo. Ba wanda ya tsaya ya tambaye shi dalili.

Miriam ta kori Tony, ta kuma hana ɗalibai fita da zanen kowa sai mai fuskar ya gani ya yarda. Ta zo Tudun Wada da kanta, ta durƙusa gaban Sadiya, ta yi wa liman bayani. Liman ya faɗa wa jama'a bayan sallar la'asar, wasu suka zo ba Zakariyya'u haƙuri. Ya karɓi hannunsu. Da aka nemi ya ci gaba da kiran salla, ya ce su riƙe wanda suka sa.

Tony yanzu yana Abuja, an ce yana zana manyan mutane. Zakariyya'u yana nan Kudenda yana lodi. Sababbin direbobi, waɗanda ba su ma san tushen maganar ba, har gobe da sunan nan suke kiran sa, shi kuma ba ya waiwayawa.