Ranar da Na Ba da Lambar Baƙon Mahaifina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina son rubuto muku wannan, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da biyu, ina da ɗan shago a Zango, nan Kwatano, ina sayar da kilishi a leda mai tambari. Ni kaɗai ne a gidanmu na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya Faransancin ofis, kuma wallahi abin ya hau mini kai. Mahaifina fatoma ne, wato mai masaukin fataken shanu da ke zuwa daga arewa. A gidanmu suke sauka, su ci su kwana, shi kuma ya tsaya musu a kara, kasuwar shanu, har a sayar da dabbobinsu. Ni a lokacin kallon zaman banza nake yi wa sana'ar: tsofaffi a zaure da buta da goro, a yi gaisuwar awa guda kafin wani ya ambaci saniya.

Cikin baƙin akwai wani dattijo da muke kira Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya fi shekara talatin yana sauka wurin Baba, ɗakinsa daban ne, ko ba ya gari ba a sa kowa a ciki. Shi ya karɓa mini aure. In ya iso, Baba kan manta da ciwon ƙafarsa, su wuni suna tsokanar juna kamar ba tsofaffi ba. Sauran fataken ma yawancinsu ta hannunsa suka san gidanmu.

Wata rana na ga sanarwa a waya cewa za a yi taron kwana biyu na masu ƙananan sana'o'i a wani otel a Cadjèhoun, a koyi dabarun kasuwanci, a kuma san juna. Na je na buga kati ɗari, na sa aka rubuta mini darakta a ƙasan suna, alhali ni ne daraktan, ni ne mai sharar shagon. Na ari kwat, na hau zem, babur ɗin haya, na tafi ina jin kaina. Ba zan yi wa taron ƙarya ba, na ƙaru. A nan na koyi yadda ake ɗaukar hoton kaya ya yi kyau, da yadda ake rufe leda iska ba ta shiga ba. Amma a rana ta biyu wata mata mai koyarwa ta ce mana duk mutumin da ka sani ka ɓoye a wayarka, dukiya ce ka bari tana ruɓewa. Ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ya ji matsalarsa, ya ba shi lambar mutum ɗaya da zai yi masa amfani.

Na kusa da ni wani mutum ne mai shagon nama a Gbégamey, yana kai wa gidajen abinci. Ya ce babbar damuwarsa ita ce samun shanu masu kyau daga arewa ba tare da yawo a kara ba. Nan take bakina ya buɗe. Na ce ai ya zo gida, na ba shi lambar Kawu, har da cewa ya gaya masa daga gidan fatomansa aka ba shi. Da aka ce a tashi a faɗi abin da aka yi, na tashi na faɗa, aka tafa mini. Na dawo gida da takardar shaida a hannu, ban ce wa Baba komai ba, don a tunanina ciniki na kawo, in ya faɗa sai in ba shi mamaki.

Abin da na sani tun ina yaro, amma tafin ya mantar da ni, shi ne fatoma ba ya miƙa baƙonsa ga kowa. Mai son saye shi ke zuwa zaure, ya cire takalmi ya gaisa, maigida ya auna shi tukuna. In ka ji gidan da kake sauka ya haɗa ka da mai saye kai tsaye, to an sallame ka ne, an gaji da kai, kunya ce ta hana a faɗa maka a ido. Mutumin Gbégamey ba mugu ba ne, abin da na ce ya faɗa shi ya faɗa. Ya kira Kawu yana can garinsu, ya ce gidan fatomansa ne suka ce su riƙa hulɗa tsakaninsu.

Da lokacin zuwan Kawu ya yi, Baba ya sa aka share ɗakin, aka shanya tabarma, aka sayo kifin da yake so. Bai zo ba. Bayan kwana uku Baba ya hango shi a masallacin Juma'a, ashe ya sauka a wani gida, layi uku daga namu. Baba ya bi shi har can yana jan ƙafa. Kawu ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce masa da ya gaji da shi, ai ya isa ya kira shi ya gaya masa da bakinsa, ba ya turo masa baƙuwar murya ba. Baba ya rantse bai san zancen ba. Kawu ya ce to lambar tasa daga sama ta faɗo wa mutumin?

Bayan la'asar Baba ya tara mu ya tambaya ko akwai wanda ya ba wani lambar Kawu. Edita, a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na ga fuskarsa, tsoro ya kama ni, na ce ban sani ba. Baba kuwa bai taɓa kama ni da ƙarya ba, sai ya yarda. Daga nan ya ɗauka Kawu ne ya ƙirƙiro dalili don ya canza gida, Kawu kuma yana can yana ganin Baba ya kore shi ya kuma yi masa rantsuwar ƙarya. Fatake suka riƙa bin Kawu ɗaya bayan ɗaya, zaurenmu ya yi shiru. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Na yi wata bakwai ina wannan goben, ina cin abinci kwano ɗaya da Baba.

Sai ga saƙo daga arewa cewa Kawu ya rasu bayan gajeriyar jinya. Baba ya zauna a zaure ya kasa ko kuka. Ranar sadakar uku na durƙusa gabansa na gaya masa komai, tun daga katin darakta har tafin da aka yi mini. Na so ya mare ni, ko ya zage ni, bai yi ko ɗaya ba. Sai ya ce shi nasa ya yafe, amma wata bakwai ya yi yana zargin amininsa da ƙarya, Kawu kuma ya shiga kabari yana ganin an kore shi daga gidan da ya ɗauka nasa. Ya tambaye ni wa zai je ya gaya masa yanzu. Tun ranar Baba bai ƙara karɓar baƙo ba.

Ban rubuto don in hana kowa zuwa irin wannan taro ba, akwai ilimi a ciki. Amma 'yan'uwana matasa, musamman mu da muka ɗan yi boko a gidajen da ba a yi ba, ku sani ba kowace lamba da ke wayarku ce taku ba. Wata amanar iyayenku ce, sun shekara talatin suna gina ta, kuma malamin taro bai san da ita ba. Kafin ku gwada sabuwar dabara a kan sana'ar gida, ku tambayi mai sana'ar. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, ku faɗa a ranar, tun waɗanda abin ya shafa suna da rai. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Kawu addu'a, don ni har yanzu in na ɗaga hannu zan yi masa, kunya ce take fara rufe ni.